Ba ranar farauta ake kiwon kare ba: maganar tsaron bisashenmu a Dawce

 

Yau maganar kare za mu yi. Mun san wani zai ce, duk abin da ke damun mutane, ga tsadar hatsi ga ta taki, sai kare? To a yi haƙuri a karanta har ƙarshe. Maganar kare a nan maganar akuya ce, akuya kuwa kowa ya san matsayinta a gidan talaka. Ita ce asusun mace. Ita ake ja zuwa kasuwa in yaro ya kwanta ciwo, ita ke sayen kayan lakwal a watan Oktoba, ita ke rufa asiri in rumbu ya yi ƙasa kafin sabon gero ya nuna. Matar da ta samu akuya ta hanyar habbanaye, tana jiran ta haihu ta riƙe ƴaƴan ta miƙa uwar ga wata, in aka wayi gari wani abu ya ɗauke ɗan akuyar, wahalar shekara ce ta tafi a dare ɗaya.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: karen da ya tashi cikin garke, ana ba shi abinci, an yi masa allura, ya fi guba da tarko tsare mana bisashe. Karen da aka saki kuwa, ba ci ba allura, shi kansa yana cikin maɓarnatan da muke kuka da su.

Mu fara da sanin wanda ke yi mana ɓarnar. Kura da kakanninmu ke ba da labarinta ta yi wuyar gani a wannan yanki da gona ta haɗe da gona. Wanda ya rage mana shi ne dila, sai yanyawa, tunku da muzurun daji masu bin kaji da zabi, sai shaho daga sama. Tun shekarun 1980 manomanmu suka riƙe sassaben zamani, gawo ya dawo cikin gonakin Magarya, Matameye da Mirya, har masu bincike daga waje suna zuwa kallo. Ga kuma fadamun rake. Duk wannan alheri ne, amma inda duhuwa ta samu, ƙananan namun daji ma sun samu maɓoya. Dila yakan fito da almuru ko da asuba, sau da yawa miji da mata tare. Ba ya tunkarar babban rago. Ɗan akuya sabon haihuwa yake nema, ko uwar da ke naƙuda a bayan gari, ko kazar da ta kwana a waje.

Sai dai fa ba duk laifin da ake ɗora wa dila ne nasa ba. Makiyaya sun san bambancin. Dila yakan kama maƙogwaro, ya kashe guda ɗaya, ya fara ci ta ciki, ko ya ja ta ya tafi da ita. Karnukan gari in sun haɗu ƙungiya, cizo suke ko'ina, a cinya, a kunne, a gindi, su raunata uku ko huɗu, su tafi ba su ci wani abin kirki ba. Duk wanda ya tarar da irin wannan a turkensa, kada ya zagi malamin daji. Ya duba unguwarsu. Waɗannan karnukan ai ba daga sama suka faɗo ba. Kowanne akwai gidan da aka kawo shi yana ɗan kwikwiyo, yara suka yi wasa da shi wata biyu, da ya girma aka bar shi da bola da mahauta.

Abin da mutane suka fi saurin yi in ransu ya ɓaci shi ne guba. A samu mushe, a barbaɗa masa maganin ƙwarin gona ko na ɓera, a ajiye a bakin daji. Wannan hanya an daɗe da gwada ta. Shekarun baya, a ƙasashen Sahel har da Nijar, an yi ta zuba wata guba mai suna sitiriknin cikin nama don kashe kuraye da diloli. Guba kuwa ba ta tambayar suna. Karen maƙwabci zai ci, ungulu za ta ci, abin da ya ci gawar ungulun shi ma ya bi. Wani masanin tsuntsaye Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya ƙirga tsuntsaye a kan hanyoyin Burkina, Mali da Nijar wajen 1970, ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004, ya tarar manyan ungulaye sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. Guba na cikin dalilan. Ku tambayi kanku, yaushe rabon da ku ga ungulaye cike da mahauta kamar lokacin da muna yara? Ungulu ita ce mai sharar daji. In babu ita, mushe ya kwana ya wuni, karnukan da ba su da mai su su ci su ƙoshi su hayayyafa. A Indiya haka ta faru: ungulaye suka ƙare saboda wani maganin shanu, karnukan titi suka ƙaru, cizo ya ƙaru. Kun ga kenan mai zuba guba ya kori mai shara ya ƙara wa maɓarnaci abinci.

Kuma ko dilan ma ba ya ƙarewa. Kowane miji da mata suna da yankinsu da suke karewa. Ka kashe su, wuri ya zama babu mai shi, wasu su shigo daga gaba. Amurkawa sun fi kowa sanin wannan. Suna da wata dabba mai suna koyot, ƴar'uwar dila ce. Har ma wani binciken jini da aka fitar a 2015 ya nuna dilan nan namu na Sahel ya fi kusa da koyot da kyarkecin Turai a kan dilan ƙasashen Asiya. Fiye da shekara 100 gwamnatin Amurka tana kashe koyot da bindiga, tarko da guba, amma yau ya bazu kusan ko'ina a ƙasar, har cikin manyan birane. A 1972 shugaba Nixon ya hana zuba guba a filayen gwamnati. Masu tumaki suka rasa ta yi, sai a ƙarshen shekarun 1970 wasu masu bincike, cikinsu har da Ray Coppinger da matarsa Lorna, suka shigo da karnukan garke daga Turai da Turkiyya suna raba wa makiyaya. Yau karen garke ya zama kayan aiki na yau da kullum a wajen masu tumakin Amurka.

A Faransa ma, da kyarkeci ya dawo a 1992 ta tsaunukan iyaka da Italiya, makiyaya sun koma ga farin karen nan babba da suke kira patu, gwamnati kuma tana biyan wani kaso na kuɗin sayensa da ciyar da shi. A nan Afirka, ƙasar Namibiya ta fara tun 1994: wata ƙungiya mai kare damisar nan mai tsananin gudu, wadda Faransawa ke kira gefar, ta shiga raba wa masu awaki karnukan Turkiyya, don su daina harbin dabbar. An raba ɗaruruwa, kuma mafi yawan waɗanda suka karɓa sun ce asararsu ta ragu sosai.

To, kada wani ya ce sai mun jira porje ya kawo mana karen Turkiyya. Karen da ya kai kilo 50, mai gashi kamar bargo, me za mu ba shi ya ƙoshi, kuma yaya zai yi da zafin watan Afrilu a Damagaram? A Botsuwana an gwada karnukan gida, irin namu ɗin nan marasa suna, aka tarar suna yin aikin, sun fi jure zafi, sun fi sauƙin riƙo. Mu kuma a Nijar muna da namu abin alfahari. Karen Azawak na Buzaye, siriri mai dogayen ƙafafu, shi ke gadin zango da bisashe a arewacin Tawa tun kaka da kakanni. Tun shekarun 1970 Turawa suka fara kai shi ƙasashensu, a 2019 kuma babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta sa shi cikin kundinta. Fulanin da ke sauka gonakinmu bayan an saki gonaki, ku lura da rugarsu: kafin ka kai ga bukka, kare ya riga ya sanar da zuwanka. Ilimin yana nan kusa da mu. Mu mazauna gari ne muka yi sakaci da shi.

Sirrin duka yana cikin reno. Ɗan kwikwiyo, wanda ya tashi da su cikin watanninsa na farko, su ne danginsa har ya mutu. In ya tashi da yara a tsakar gida, yara zai bi. In ya tashi da awaki, awaki zai bi. Saboda haka da ya kai kamar sati 7 ko 8, an yaye shi, sai a kai shi inda bisashe ke kwana. A yi masa ɗan lungu da kara ko zana inda zai shige in uwar garke ta kai masa karo. A fara haɗa shi da ƴan awaki da tumaki masu sanyin hali. A can zai ci, a can zai sha, a can zai kwana. A ja wa yara kunne kada su ɗauke shi zuwa dandali. Ya san mai shi, ya yarda a kama shi a duba shi, amma zamansa na garke ne.

Wajen wata 5 zuwa shekara, ƙuruciya za ta motsa masa. Zai fara bin ƴan awaki da gudu, yana jan kunnensu da wasa. Nan ne mutane da yawa ke karaya su ce karen ya lalace. Bai lalace ba. A tsawata masa nan take, in ya ƙi a raba shi da ƙanana na ƴan kwanaki a bar shi da manya, su za su koya masa ladabi. Ba a cika dogara da shi ba sai ya haura shekara, wani ma sai ya kusa biyu. Shi ya sa Bahaushe ya ce ba ranar farauta ake kiwon kare ba. Wanda ke son ya kwana da kwanciyar hankali baɗi, bana zai nemi kwikwiyo.

Abu uku ke ɓata karen garke. Na farko yunwa. Kare mai yunwa dole ya bar garke ya tafi neman abinci, wata rana kuma ya waiwayi abin da aka ba shi tsaro. Ba a ba kura ajiyar nama. Sauran tuwo, ƙanzo, dusa da aka dama, ɗan tsari in akwai, da ruwa kullum, sun ishe shi. Kowa ya yi lissafi da kansa: nawa dusar wata take, nawa ɗan akuya yake a kasuwar Matameye ko Mai'aduwa? Na biyu farauta. Karen da samari ke ɗauka zuwa bin zomo ya koyi bin abin da ke gudu, ba zai ƙara zama da garke ba. A raba na farauta daban, na garke daban. Na uku yawon neman karya. Fiɗiya tana rage wannan, kuma ba ta rage masa haushi ko tsaro. A tambayi likitan dabbobi lokacin da ya dace.

Akwai kuma abin da bai kamata a jefa masa ba: ɗanyen kan tunkiya, ko huhu da hanta masu ƙullutun ruwa da mahauci ya yar. Ta nan kare ke ɗaukar tsutsar ciki, ya zubar da ƙwanta a ciyawa, bisa ta ci. Wata irin tsutsar tana hawa ƙwaƙwalwar tunkiya, ka ga tana ta juyawa wuri guda har ta mutu. Wata kuma tana kama mutum. A binne irin wannan nama ko a ƙone, karen kuma a dinga ba shi maganin tsutsa.

Mun san inda zuciyar da yawa daga cikinmu take: addini. Mu ba malamai ba ne, kuma muna roƙon malamanmu su yi wa jama'a bayani a masallatai. Amma abin da muka koya a wajensu shi ne, hadisan da suka yi gargaɗi a kan ajiye kare, a cikin Buhari da Muslim, su ne kuma suka ware karen kiwo, na gona da na farauta. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba a ɗauke shi najasa ba, ko da yake an yi umarni da wanke ƙwaryar da ya sa baki. Kuma duk mun ji labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Karen garke ba a ɗaki yake kwana ba, ba ya hawa tabarmar salla, ƙwaryarsa daban. Abin da ya kamata mu ji tsoro a kai shi ne mu ɗaure dabba ko mu sake ta da yunwa, alhali mu muka kawo ta.

Yanzu ga babbar magana, wadda in babu ita gara kada a fara: ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Kusan duk wanda ya kamu, ta cizon kare ne. In alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Amma ana iya tare shi tun kafin nan. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi likita a ranar, ko ciwon ƙarami ne. Ƙona gashin karen a shafa a wurin ba ya maganin komai. Karen da ya yi cizon kuma, in ana iya kama shi ba tare da haɗari ba, a tsare shi a kira ma'aikatan kiwo su sa masa ido na kwanakin da suka faɗa.

Karen garke shi ke gaba da dila da baƙin karnuka, don haka shi ya fi kowa bukatar allura, tun yana wata 3, a kuma dinga sabuntawa. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, ciwon yakan daina yawo. Ba a Turai kaɗai aka ga haka ba. A Njamena, nan maƙwabtanmu Cadi, an yi wa karnukan birnin allura kyauta a 2012 da 2013, aka kai wannan adadi, ciwon ya yi ƙasa ƙwarai, sai daga baya da karnukan waje suka sake shigo da shi. Darasin kenan: abin yana yiwuwa, amma ba aikin shekara ɗaya ba ne, kuma ba na gari ɗaya ba ne.

Gaskiya ɗaya kuma, kada mu ɗora wa kare abin da ya fi ƙarfinsa. Aikinsa ya ji, ya yi haushi, ya tsaya tsakanin garke da maɓarnaci har mai gida ya fito da fitila. Dila ba ya son rigima, in ya ga an farka sai ya nemi wani wuri. Ɓarawon bisashe mai makami kuwa, mu da ke bakin iyaka mun san kare ba zai tare shi ba, wani lokaci ma shi ake fara jefa wa nama mai guba. Duk da haka, ɓarawo ya fi son gidan da babu mai tada mutane. Kare ba ya maye shinge mai kyau, ba ya maye akurki mai murfi, ba ya maye a dawo da akuya mai tsohon ciki gida kafin magariba. Haɗuwarsu ce ke tsare dukiya. Wanda kuma karensa ke tare hanyar rijiya ko ta lakwal yana bin yara, haƙƙin maƙwabta na kansa. Ya ɗaure shi da rana ko ya sauya masa wuri. Ko a Faransa rigimar patu da masu wucewa ba ta ƙare ba, har alluna ake kafawa ana gargaɗin mutane.

Saboda haka ga roƙonmu. Masu bisashe, wanda zai iya ciyar da kare ya nemi guda ya rene shi yadda ya kamata. Wanda ba zai iya ba, kada ya karɓi kwikwiyo don yara sun yi kuka. Gida uku ko huɗu da ke haɗa awakinsu wajen makiyayi ɗaya suna iya haɗa hannu su riƙe kare ɗaya. Masu gari da masu unguwa, a san kowane kare da mai shi, a ɗaura masa ko tsumma ne a wuya, a kuma hana zuba guba a bakin gari kamar yadda ake hana sakin bisashe da damina. Hukumar komin Dawce da ma'aikatar kiwo ta Matameye, duk shekara ana zagayen allurar shanu, awaki, tumaki da raƙuma kyauta, ma'aikata suna shiga ƙauye ƙauye da akwatin sanyi. Muna roƙon a nemi hanyar da allurar kare za ta dinga biyo wannan ayari, tun da mota ɗaya ce, mutanen ma su ne. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare a duniya; ba zai gagara ba a ce ran nan an yi wa karnukan Dawce allura a ƙofar mai gari.

Dattawanmu makiyaya, Fulani da Buzaye da Hausawa, mun san kun fi mu sanin yadda ake zaɓen kwikwiyo da yadda ake horonsa. Ku faɗa mana, za mu karanta a shirinmu na manoma da makiyaya don kowa ya amfana. Mata masu awaki, ku ma ku gaya mana a wane lokaci na shekara kuka fi yin asara, da abin da kuke gani a jikin bisar.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da ƴaƴanmu, ya ba mu damina mai albarka. Sai mun ji daga gare ku.